Aron Hanci a Gidan Ummu Girgis

A unguwar masaƙa ta garin Akhmim na ƙasar Masar, gida na huɗu daga gidan burodi idan ka nufi kogi, nan Rifka 'yar Basta ta zauna shekara sittin da ɗaya. A 1938 aka kawo ta, tana da shekara goma sha tara, da akwatin katako ɗaya da daron tagulla wanda sai mutum biyu ke iya ɗagawa. Mijinta Tadros masaƙi ne mai ƙarancin magana, ƙarar masaƙarsa ta fi muryarsa yawa a gidan. Ta haifi takwas, shida suka rayu, kuma tun ranar da aka raɗa wa na farin suna mutane suka mance da Rifka. Ummu Girgis kowa ke cewa, in ban da mace ɗaya.

Ba ta yi makaranta ba, iyakar tafiyarta garin Sohag da ke ƙetaren kogi. Abin da aka san ta da shi kahk ne, ɗan biskit ɗin nan na idi. Kowace mace a unguwar tana kwaɓa nata idan idi ya matso, amma na Ummu Girgis in ka ɗora a harshe, kafin ka yi niyyar taunawa ya narke, ya bar ka kana tunanin ko ci ka yi ko mafarki. Shekarar farko gari kilo uku ta kwaɓa. Iyali suka yi ta yaɗo kamar kabewa, garin yana bin su, har ya kai kilo talatin, faranti arba'in da biyu, saboda baki arba'in da bakwai: 'ya'ya, surukai, jikoki, da wata ƙanwar Tadros da ba ta da haƙori ko ɗaya amma ba a taɓa fin ta ci ba. Akwai mai dabino a ciki, akwai mai zuma da riɗi, kowanne an yi wa bayansa zane da ɗan hantsakin tagulla domin garin sukari ya sami wurin kwanciya.

Wahalar kahk na Ista, babban idin Kirista, guda ɗaya ce. Cikin Babban Azumi ake yin sa, kwana hamsin da biyar ɗin nan da ba a cin nama, ba a shan madara, ba a taɓa ƙwai. Shi kuwa kahk kusan rabinsa man shanu ne. Don haka mai yin sa ba ta ɗanɗanawa, haka duk wani babba a gidanta. Uwar mijin Rifka, Damyana, ita ta koya mata, ta ce: "Bakinki na Ubangiji ne har ranar idi. Hannu da hanci naki ne, yi aiki da su."

Ana ɗora man a wuta a watsa riɗi, a tsaya a kansa. Da fari ƙamshin madara yake yi. Can sai ya juya, ya koma wani ƙamshi mai nauyi kamar na soyayyar gyaɗa, to a nan ake sauke shi a kwarara kan gari da zafinsa. In aka yi gaggawa kahk ya yi tauri, in aka yi nawa ya yi ɗaci, tsakanin biyun kuwa bai kai a karanta Addu'ar Ubangiji sau ɗaya ba. Hancin Rifka bai taɓa kuskure wannan ɗan lokaci ba.

Macen da ba ta daina kiranta Rifka ba ita ce Nabawiyya, matar wani mai jirgin fito, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Nabawiyya Musulma ce, gajeruwa, mai murya kamar ta mai talla. Tun suna da ƙuruciya suka shirya tsakaninsu. Idan Rifka ta kwaɓa, sai ta gasa ƙwara ɗaya a kasko ta miƙa ta kan katanga, Nabawiyya ta ɗanɗana ta faɗi abin da ya rage. Idan azumin Ramadan ya zo ƙarshe, Nabawiyya na kwaɓa nata da rana baki a rufe, sai ƙwarar ta tsallako ta wancan gefe. Shekara hamsin ana wannan aron harshe, kuma Nabawiyya ba ta taɓa yabo ba. In abu ya kai matuƙa, cewa take, "Ana iya ci."

Tadros ya rasu a 1986. Rifka ta ajiye mayafinsa na ulu a ƙasan akwati, duk ranar Lahadi in ta dawo daga coci takan ciro shi ta sa fuskarta a ciki. Ƙamshin zare da taba da gumin mutum mai aiki suna nan, sai ta ji kamar masaƙar na motsi a ɗakin ƙasa.

Cikin sanyin ƙarshen 1989 ta yi wata mura mai tsanani, mako uku tana kwance. Da ta tashi, ranar Lahadi ta ciro mayafin ta sa fuska. Ulu kawai ta ji yana sosa mata kumatu. Ta je madafa ta murje kanumfari a tafin hannu, ta sunsuna albasa, ta sunsuna kananzir. Shiru. Duniya tana nan da launinta da ƙararta, amma ta zama kamar hoton da aka rataye a bango. Ba ta gaya wa kowa ba.

Dalilin ɓoyewar shi ne Girgis. Babban ɗanta akawu ne a Sohag, mai son uwarsa, mai son a ga yana son ta. Shekara uku yana maimaita magana ɗaya.

"Mama, don Allah ki huta. Yanzu a shago ake sayar da kahk, cikin gwangwani mai hoton furanni. Mota za ta kawo har ƙofa."

"Wanda ya yi shi ya san sunan jikokina?"

"Haba Mama, kahk ne fa, ba baftisma ba."

"Ranar da na kasa, da bakina zan faɗa. Ran nan ka kawo gwangwaninka."

Girgis ya riƙe wannan magana kamar takardar da aka sa wa hannu. Rifka ta san cewa da ya ji hanci ya tafi, daron tagulla zai hau saman kabad, ita kuma a zaunar da ita a kujera a riƙa kawo mata shayi. Wannan kwana ɗaya a shekara, da gidan ke cika da mata da gari da surutu, kowa na jiran abin da hannunta zai ce, shi ne ya rage mata.

Sai kuma shekarar ta zo da abin da ba ya faruwa sai bayan shekara talatin da wani abu: Ramadan ya faɗo cikin Babban Azumi. Ke nan da rana babu harshen aro. Rifka ta ce a ranta ba kome, ido zai ga launin man, kunne zai ji tafasarsa, hannu kuma ya san hanya.

Tana da tuluna biyu, 'yan tagwaye daga hannun magini ɗaya. Ɗaya na man shanu, ɗaya na mish, tsohon cukun nan mai gishiri da barkono da ake rufewa shekara biyu ko uku har warinsa ya shige jikin yumɓu. Ba ta taɓa yi musu alama ba, mai hanci ba ya bukatar alama. A sanyin nan duka biyun sun ƙare, an wanke su an kife a kan soro suna shan rana. Ana saura mako guda a shiga azumi ta narka man da ta saya wurin wata mai shanu daga ƙauye, ta hau soro ta ɗauko tulu, ta kai hanci bakinsa kamar yadda ta saba, ta cika shi, ta liƙe bakin da ƙullu.

Ranar kwaɓi Alhamis ce, kwana goma kafin Ista. Sabir mai gidan burodi ya ba ta layin gashi daga azahar zuwa la'asar sakaliya, in ta kuskure kuwa babu wani gurbi, don unguwa duka ta rubuta suna. Tun hantsi aka tankaɗe gari cikin daro. Rana ta shigo ta tagar sama, ƙurar garin na yawo a cikin hasken a hankali kamar ba ta da niyyar sauka. Mata tara suka kewaye tabarma. Tereza matar Girgis, babbar suruka, tana cire ƙwallon dabino. Nargis matar auta, mai ciki wata biyar, tana goge farantai.

Rifka ta yi alamar gicciye ta fasa liƙin tulu.

Surutu ya ɗauke. Nargis ta toshe baki ta fita da gudu.

"Ciki ke nan," in ji Rifka. "Ni da cikin Girgis ko ruwa warinsa nake ji."

Ba wadda ta yi dariya. Tereza ta dubi sauran, ta gyara zama, ta ce a hankali, "Mama, wani sabon abu kika sa a man bana?"

Rifka ta leƙa cikin tulun. Ta dubi man, rawaya ne fes, ba abin da ido zai zarga. Ta ce, "Tsofaffi ba sa faɗin duk abin da suka sani. Ku yi aikinku."

Suka sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ba wadda ta taɓa gyara mata ko cokali ɗaya, kowace ta ɗauka wata dabara ce da za su gane daga baya. Rifka ta juye man a tukunya ta ɗora a wuta, ta watsa riɗi. Ta tsaya tana kallon kumfa na tashi yana faɗuwa, hankalinta ya tafi can baya, ta ga Damyana tsaye a nan wurin da baƙin mayafinta, ta ji masaƙar Tadros tana bugawa a ƙasa. Tururi ya lulluɓe mata fuska, ɗumi kawai, ba labari. Ta naɗe tsumma a hannu za ta sauke.

"Wa ke soya takalmi a gidan nan?"

Nabawiyya ce a bakin ƙofa, ta ja gefen mayafi ta rufe hanci.

"Ina zaune lafiya da azumina, wani abu ya tsallako katanga ya shaƙe ni. Na ce ko akuyar Sabir ce ta mutu a soronku. Ke Rifka, ajiye tukunyar nan. Ajiye, na ce! Zo ki nuna mini wani abu a ɗakin ajiya."

Ta ja ta da hannu, ta turo ƙofa. Ɗakin da duhu-duhu, buhunan wake jingine da bango.

"Tun yaushe?" in ji Nabawiyya, wannan karon da ƙaramar murya.

"Me fa?"

"Kar ki raina mini hankali da tsakar rana ina azumi. Sau biyu wakenki na ƙonewa, ina jin ƙauri daga gidana, ke kina zaune kusa da shi kina tsintar shinkafa. Na yi shiru na ce za ki faɗa."

Rifka ta zauna a kan buhu. "Tun murar nan."

"Tulun mish kika zuba man a ciki, 'yar'uwa. Kwana hamsin yana sha."

Rifka ta rufe ido. Ta ga kanta a kan soro da safiyar sanyi, tuluna biyu a kife, tana kai hanci bakin ɗaya kamar mai gaida wanda ya riga ya tashi daga gidan.

"Shi ke nan," ta ce. "Girgis ya samu."

"Girgis ɗin me? Yaron da na wanke wa gindi? Saurara. Ina da tulu cike, na kahk ɗin Sallah, yanzu zan sa a kawo. Mu fita mu ce mai shanun ce ta cuce ki, ta sayar miki da tsohon mai. Wa zai je ƙauye ya tambaya?"

Rifka ta juya maganar a ranta. Hanyar a buɗe take, kuma mai sauƙi. Amma mai shanun nan shekara ashirin tana kawo mata mai, tana tafiya da ƙafa tun asuba, kuma in magana ta fita daga bakin mata tara, kafin Lahadi ba mai sayen ko ludayi ɗaya a hannunta.

"Man da ta kawo lafiyayye ne," ta ce. "Kuma cikin azumi nake, Nabawiyya. Na hana bakina man shanu, sai in ba shi naman baiwar Allah?"

"To ai sai ki fita ki tona wa kanki asiri."

"Na ce da bakina zan faɗa."

Ta fito ta tsaya a gaban daro. Ta ce, "Ku saurara, 'ya'yana. Babu wata dabara. Hancina ya mutu tun sanyi, ko kananzir ba na ji. Tulun mish na ɗauka. Tereza, in kin koma ki gaya wa mijinki, kada ki rage kome."

Ƙurar gari na ta yawo cikin haske. Tereza ta ajiye dabinon hannunta, ta matso, ta ɗebi gari ta dunƙula, ta buɗe hannu ya wargaje.

"Mama, shekara ashirin da shida ina zaune a tabarmar nan. Har yau ban san lokacin da ƙullu ke cewa ya isa ba. Ke kike matsawa ki ce a ƙara, ko ki ce a bari. In kin hau kujera, wa zai matsa?"

"Hanci ai ba wuya," in ji Nabawiyya. "Ga nawa, zaman banza yake yi tun sahur. Ga kuma na wannan mai cikin, da ke jin warin abin da ake dafawa a Sohag. Ke Nargis, shigo, an kashe takalmin!"

Aka kawo tulun Nabawiyya, aka wanke tukunya da toka sau uku. Rifka ta riƙe tsumma, Nabawiyya da Nargis suka tsaya dama da hagu sun miƙa wuya kan tukunya kamar kaji a bakin kwano.

"Madara," in ji Nargis.

"Har yanzu madara. Wayyo azumina, ya Ubangiji ka ga abin da maƙwabtaka ke jawo mini."

Rifka ta kasa kunne. Ƙarar tafasar ta fara raguwa, kumfa ya lafa, riɗi ya soma yin ja. Hannunta ya motsa da kansa, daidai lokacin da su biyun suka ce, "Yanzu!"

Man ya sauka kan gari da wani dogon shuuu. Ta juya da muciya har ya huce, sa'an nan ta nutsa hannu biyu har gwiwar hannu. Nan ba ta bukatar kowa. Ta murza, ta matsa, ta ce a ƙara ludayi ɗaya da rabi, ta sake matsawa, ta buɗe tafi: dunƙulen ya tsaya da shatin yatsunta huɗu. Surutu ya dawo. Hantsaki tara suka kama aiki, Nabawiyya ta zauna ta karɓi na goma tana zagin zanen kowa. Faranti na farko ya fita zuwa gidan burodi a kan Tereza ana kiran azahar, na arba'in da biyu ya dawo rana ta yi ja a kan kogi.

Man mish ɗin ma bai tafi a banza ba. Rifka ta ce zunubi ne a zubar, ta sa aka kwaɓa shi da ragowar gari da gishiri da ɗan barkono, aka yi 'yan sanduna masu ƙaras-ƙaras. Maza suka cinye su da shayi ranar idi, har shekara ta gaba suka tambaya ko za a sake.

Da magariba Rifka ta ɗauki ƙwara ɗaya mai zuma, ta barbaɗa sukari, ta miƙa ta kan katanga. Ta tsaya ta dafa bangon, yana da sauran ɗumin rana. Aka yi kiran sallah. Ta ji ƙarar kofi, ta ji an tofar da ƙwallon dabino. Ta ƙara matsawa kusa da katangar.

"To?" in ji Rifka.

"Ana iya ci," in ji murya daga ƙetare. "Amma man ne ya taimake ki."

Girgis ya ji labari duka a bakin matarsa. Ranar Asabar ta jajibiri ya zo da gwangwani mai hoton furanni, ya ajiye a kan tebur. Da safiyar Lahadi gida ya cika, baki arba'in da bakwai, yara sun yi fari da sukari har gira. Girgis ya ci na uwarsa guda bakwai, Tereza ce ta ƙirga. Gwangwanin ba a buɗe shi ba sai bayan wata biyu, aka ba kaji abin ciki, shi kuma ya zama ma'ajiyar maɓallai.

Rifka ta ɗauki nata ta koma gefen taga. Ta gutsura. Zaƙi ta ji, da laushi, ba ƙari. Ta rufe ido ta bar shi yana narkewa, sai ga ƙamshin ya taso, ba ta hanci ba, daga wani wuri can ciki inda ya daɗe a ajiye: man shanu da riɗi na shekarar farko, kilo uku, Damyana na harararta, wani saurayi mai ƙarancin magana ya leƙo daga ɗakin saƙa da zare a gashinsa yana tambaya ko an gama. Ta zauna a haka har shayinta ya huce.

Mako guda bayan haka matan gidan tara suka tsallaka gidan Nabawiyya yin kahk ɗin Sallah, da hantsakinsu da sabon tulu. A ranar Rifka ce mai ɗanɗanawa, ta tauna a hankali ta ce gishiri da zaƙi dai sun yi, sauran sai a tambayi Nargis.

Hancin bai dawo ba. Ta ƙara yin kahk sau tara, Nabawiyya a dama, Nargis a hagu, tulun mish kuma da jan zare ɗaure a wuyansa. A shekarun ƙarshe takan kama hannun Tereza ta nutsa shi cikin ƙullu tare da nata, ta matsa, ta ce, "Kin ji? Nan ne." Ta rasu a 1999, kwana goma sha ɗaya bayan Ista, da sauran kahk a kwando. Shekarar da ta biyo, gidan makoki ba ya kwaɓi, haka al'ada take. Ana jajibirin idi sai ga faranti ya tsallako katanga, an rufe shi da farin ƙyalle, zanen bayansa duk a karkace, don idon mai yin sa ya riga ya raunana.